Ɗan Yayata da Wasan Mai Haƙar Rijiya

Ɗan yayata ya iso gidana a Kazaure cikin tsananin zafin bazara, a bayan babur ɗin wani mutumin garinsu, yana riƙe da jaka ɗaya, leɓensa na ƙasa a kumbure. Shekarunsa ba su wuce ashirin ba. Tun da safe Yaya ta kira ni a waya daga Gwiwa ta ce, "Ga shi nan na turo maka. Ka riƙe shi a wajenka har ƙura ta lafa, ni kam ya fi ƙarfina." Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, don haka babu inda za a kai shi sai wurina, ni kawunsa.

Abin da ya faru a Gwiwa ba ɓoyayye ba ne. An yi wasan ƙwallo tsakanin unguwanni biyu, rigima ta ɓarke, ya fizge gora daga hannun wani ya maka wa ɗan maƙwabcinsu a gwiwar hannun dama. Tare suka tashi da yaron, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. An kai shi wurin maɗori, daga baya aka kai shi asibiti, amma hannun bai sake miƙewa ba. Dattawa suka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, aka ba iyayen yaron haƙuri, suka ce sun haƙura saboda maƙwabtaka da kuma darajar marigayi. Wanda ya yi aika-aikar kuwa bai ba kowa haƙuri ba. Da na tambaye shi bayan ya ci abinci ya huta, abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, su suka fara."

Watannin farko ba mu ji daɗinsa ba. Sai hantsi ya dubi ludayi yake tashi, ya ci abin da maiɗakina ta ajiye masa, ya fice zuwa majalisar wasu samari a bakin dam, ya dawo yana warin taba. Na nema masa koyon aiki a garejin wani mai gyaran babura, bai daɗe ba ya gaya wa maigidan baƙar magana, aka sallamo shi. Idan na yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai har in gama, ya ce, "To, Kawu," gobe kuma ya maimaita. Abu ɗaya ne yake yi da zuciya ɗaya, shi ne tuƙa babur. Da gwiwata ta fara damuna, sai na riƙa ba shi makullin nawa yana kai ni inda za ni.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare a cikin gari. Muna kuma da wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo da muke haɗuwa a ƙarshen mako bayan la'asar, a wani aji da shugaban makarantar ya ara mana. Akwai malamai a cikinmu, akwai samarin da suka gama makaranta ba su samu abin yi ba, akwai kuma wani tsohon tela da kowa ke kira Baba. Shi ya girme mu duka. Idonsa ya fara rauni har ya bar wa yaransa keken ɗinki, amma muryarsa tana nan garau, in ya yi magana a gaban aji ana jin sa har bakin titi.

Wasan da muke shiryawa a shekarar tsoho ne, tun muna ɗalibai muka karanta shi. Labarin wani mai haƙar rijiya ne da ɗansa saurayi. Wata rana abokin aikin uban yana can ƙasan rijiya, aka bar saurayin da riƙon igiyar da ake jawo shi da ita. Sai makaɗan dambe suka zo wucewa. Ya ɗaure igiyar a jikin kututture, ɗaurin ganin dama, ya bi su. Mutumin ya kama igiya zai hau, ta kwance, ya faɗa ya karya baya. Da aka tambayi saurayin sai ya ce igiyar ce ruɓaɓɓiya ta tsinke. Mutanen gari suka ɗora wa uban laifi, suka ce rowa ta hana shi sayen sabuwa, aka daina ba shi aiki. Saurayin ya tsere birni. Bayan shekaru ya dawo ya tarar da ubansa ya lalace, mutumin nan kuma yana jan gindi, sai ya durƙusa wa ubansa a gaban jama'a ya faɗi gaskiya, ya ɗauki nauyin gidan wanda ya nakasa. Baba tela ne ke fitowa a matsayin uban.

Ɗan yayata ba ya shiga ajin. Idan ya kawo ni sai ya kafa babur a gindin darbejiya ya zauna a kai yana leƙen mu ta taga, wani lokaci mu ji yana dariya. A gida kuma yakan tara 'ya'yana a tsakar gida yana kwaikwayon kowa, har da ni da ɗingishina, suna ta ƙyaƙyatawa. Ana cikin haka sai saurayin da muka ba matsayin ɗan mai haƙar rijiya ya samu gurbin karatu a Kano ya tafi. Muka zauna muna tunanin wanda zai maye gurbinsa.

Baba ya ce, "Malam, me ya sa muke neman nesa? Wancan da ke yi mana dariya ta taga ai ya haddace maganganun kowa. Ina jin sa yana bin mu da baki."

Na ce, "Baba, yaron nan ba ya riƙe abu. Zai bar mu a tsakiyar hanya."

Ya ce, "In ya bar mu, mun koma inda muke yau."

Na leƙa na kira shi. Ya shigo yana murmushin raini, na miƙa masa littafin, ya ce ba ya buƙata. Ya tsaya a gaban allo ya yi mana fitowar farko tun daga kai har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Wurin da saurayin ke jin kiɗa yana waige-waige, igiya a hannunsa, ƙafarsa tana rawa ita kaɗai, duk ajin sai da ya yi tsit. Wanda ya tafi Kano bai taɓa yin kusa da haka ba.

Da muka koma gida na ba maiɗakina labari, sai ta dube ni ta ce, "Da gangan ka ba shi wannan, ko? So kake ka yi masa wa'azi a fakaice." Na ce mata ba ni na zaɓe shi ba, kuma gaskiya na faɗa. Amma na san duk wanda ya san labarin Gwiwa haka zai ɗauka. Shi kansa bai nuna ya ga wata alaƙa ba. Abin da ke burge shi a wasan shi ne wurin ƙaryar da wurin rayuwar birni, inda saurayin ke taƙama da sabuwar riga yana yaudarar abokai. Nan yake sakin jiki, har yana ƙara nasa.

Fitowar ƙarshe ce ta gagara. Duk lokacin da aka zo inda zai durƙusa gaban ubansa ya ce shi ya saki igiyar, sai ya rattabo maganar da sauri kamar mai karanta allo, ko kuma dariya ta ƙwace masa. Na tsayar da shi ya fi a ƙirga. Ran nan na gaji na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga tasa.

Ya ce, "Kawu, wannan wurin ƙarya ne. Mutumin da ya tsira, babu wanda ya gan shi, yana zaune lafiya a birni, me zai dawo da shi? Wanda ya rubuta abin nan so yake kawai a tafa masa."

Na fara yi masa bayani irin na aji, ina kawo masa dalilai daga cikin littafin. Baba ya ɗaga mini hannu.

Ya ce masa, "Ɗana, ni ban san abin da ya dawo da shi ba, ba ni na rubuta ba. Ni dai uba ne a nan, ina zaune, kai kuma ka shigo. Ka dube ni kawai in za ka yi maganar. Kana duban taga."

Ya gwada ya dube shi, bai kai ƙarshen jimlar ba ya kau da kai. Muka tashi a haka.

Gidan Baba yana can bayan dutse, da ɗan nisa daga makarantar, kuma a-daidaita-sahu ba ta cika shiga layinsu ba. Da ɗan yayata ya shiga ƙungiyar sai aka tsara cewa in ya sauke ni zai koma ya ɗauko tsohon a bakin titi. Wata Asabar ya sauke ni ya tafi, muka yi ta jira, babu shi babu Baba. Rana ta yi sanyi sosai sai ga Baba ya shigo da ƙafa, yana dogara sanda, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya zauna, aka ba shi ruwa. Can sai ga ɗan yayata ya iso yana cewa taya ce ta yi faci. Ni na san ƙarya yake, domin wani ɗalibina ya gan shi a gidan kallon ƙwallo. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni.

Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Mutum biyu sun tsaya za su rage mini hanya, na ce musu ɗana yana zuwa. Da na ga inuwa ta juya sai na taho a hankali."

Sai ya ce a fara gwaji. Ɗan yayata ya yi wasansa ranar babu ko murmushi. Da aka tashi ya riƙe wa tsohon sandarsa har ya hau babur. A hanyarmu ta komawa gida, bayan ya dawo ya ɗauke ni, ya ce ba tare da ya waigo ba, "Kawu, ba faci na yi ba." Na ce na sani. Daga ranar bai sake barin Baba a titi ba. Har cikin layin yake shiga ya ɗauko shi a ƙofar gida, kuma na ji daga baya cewa shi yake kai shi asibitin ido duk ranar da likita ya ba shi.

Mun fara nuna wasan a filin makarantarmu, sannan aka gayyace mu Roni. A wurare biyun an yi dariya, an tafa, fitowar ƙarshe kuma ta wuce dai yadda ta wuce, ba yabo ba fallasa. A Babura muka yi shi washegarin kasuwa, a harabar wata firamare, kuma da yawa daga 'yan kallon fatake ne da 'yan Nijar da ba su riga sun koma ba. Su ba su ɗauki abin da wasa ba. Da saurayin ya ce igiyar ce ruɓaɓɓiya, wata dattijuwa ta miƙe daga kan tabarma ta ce, "Ƙarya kake, mun gan ka." Aka yi ta ba ta baki kafin ta zauna. Bayan an tashi muna ɗaura kayanmu a mota, wani dillalin dabbobi ya tare ɗan yayata.

Ya ce, "Kai ne ka saki igiyar nan?"

Ya ce, "Wasa ne, Alhaji."

Mutumin ya ce, "Na sani. Amma ka yi sa'a ka tarar da tsohonka da rai. Ba kowa ke samun haka ba."

Ya wuce abinsa. Ɗan yayata ya shiga mota ya zauna kusa da Baba.

Ba a daɗe ba shugaban wata makaranta a Gwiwa, wanda muka yi karatu tare, ya aiko cewa yana so mu kawo musu wasan kafin a ba yara hutu. Na gaya wa ƙungiya, kowa ya yi murna. Ɗan yayata ya jira har muka isa gida sannan ya ce, "Kawu, ba ni zuwa Gwiwa." Ban tambaye shi dalili ba. Na ce to, na sa wani saurayi ya fara koyon matsayin. Ya ci gaba da ɗauko Baba yana kawo shi, ya koma zamansa na gindin darbejiya. Ban san abin da suke tattaunawa a hanya ba. Na taɓa tambayar Baba, ya ce, "Hirar duniya kawai, Malam. Jiya labarin yadda ake yanka wuyan riga na ba shi."

Ranar tafiya, motar da muka ɗauka haya tana tsaye a ƙofar makaranta, sai ga shi ya kawo Baba, da jakar kayan wasansa rataye a kafaɗa. Ya je wurin saurayin da na sa ya maye gurbinsa ya ba shi haƙuri, ya ce in ya yarda shi zai yi. Wancan dama tsoro yake ji, ya yarda nan take.

Jama'a sun taru sosai a Gwiwa, kuma kusan kowa ya san shi. Yaya tana cikin mata a gefe ɗaya. Ina tsaye a bayan labulen da muka ɗaura tsakanin bishiyoyi biyu sai na hango ɗan maƙwabcin nasu can baya, ya jingina da katangar aji, hannun damansa a cikin aljihun riga. Na tabbata shi ma ɗan yayata ya gan shi, domin fitowar farko da ya saba yi kamar ruwa ranar sai ta zo masa a daddafe. Wurin ƙaryar ma, inda ake dariya a ko'ina, mutanen Gwiwa ba su yi dariya ba.

Da aka zo ƙarshe ya durƙusa gaban Baba, ya dube shi, ya faɗi maganar, amma ƙasa-ƙasa, ko 'yan bencin gaba ba su ji ba. Wani ya ce a ɗaga murya. Ya sake faɗa da ƙarfi, "Baba, igiyar nan ba tsinkewa ta yi ba. Ni na sake ta." Sai wani saurayi daga baya ya ce, "Ba shi za ka gaya wa ba, ga mai hannu can." Wasu suka yi dariya, wasu suka yi masa tsawa. Ɗan yayata ya tsaya cik a durƙushe, sauran maganar ta ɓace masa. Baba ya ɗora masa hannu a ka, ya ɗauko maganarsa ta wasan da muryar nan tasa, ya ja wasan har ƙarshe kusan shi kaɗai. Da na sake duba wajen katangar, ɗan maƙwabcin ba ya nan.

Bai biyo mu Kazaure ranar ba, ya ce zai kwana wurin mahaifiyarsa. Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya na ji shi. Da safe ya yi wanka ya je ya yi sallama a gidan maƙwabtan. Uban yaron ya fito ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya gaishe shi, ya ce ya zo ne ya nemi gafarar ɗansa. Dattijon ya aika ciki a kira shi, aka dawo aka ce ya ce ba ya fitowa. Aka sake aikawa, amsar ba ta canza ba. Dattijon ya ce, "Ka tashi ka tafi, yaro. Manya sun riga sun gama wannan magana. Shi kuma hannunsa ne, ba zan tilasta masa ba."

Ya dawo Kazaure a murtuke. Ya ce ya bar wasan kwaikwayo, kuma bai sake hawa dandamali ba. Ya koma majalisar bakin dam na ɗan lokaci, har wata rana ya yi cacar baki da wani ɗan acaɓa a kan titi sai da aka raba su. Na ce wa maiɗakina da alama mun ƙara ɓata lamarin ne. Ita kuma ta ce ta lura yanzu yana ɗebo mata ruwa ba tare da ta roƙe shi ba, kuma ya je da ƙafarsa ya ba mai garejin nan haƙuri an mayar da shi aiki. Ni ban ma san da wannan ba.

Da ruwan farko ya sauka aka yi shuka, sai ya same ni ina alwala ya ce yana so ya je Gwiwa ya yi damina. Na ɗauka gonar mahaifinsa yake nufi, wadda Yaya ke ba wani yana nomawa, na ce Allah ya taimaka. Bayan kamar mako biyu Yaya ta kira ni ta ce, "Ɗanka fa ba gonarmu yake zuwa ba." Ashe kullum da sassafe sai ya saɓa fartanya ya nufi gonar maƙwabtan. Dattijon ba shi da wani ɗa namiji babba sai wanda ya nakasa, kuma bara da kyar suka noma rabin gonar. Ranar farko dattijon ya tambaye shi wanda ya aiko shi, ya ce babu kowa. Ya ce masa ba su nemi taimako ba, ya ce ya sani. Ya kama kunya daga can ƙarshen gona ya fara noma. Dattijon ya tsaya yana kallon sa, sannan ya koma kan nasa aikin.

Uwar yaron ba ta sa shi a lissafin abincin gona ba. In an kawo fura da rana sai ya koma gindin wata ƙirya ya ci abin da Yaya ta ƙulla masa. Ana cikin noman farko ɗan maƙwabcin ya zo gonar ya same shi. Yaya ta ce waɗanda ke gonakin kusa sun ji komai. Ya zage shi, ya zagi wasan kwaikwayon, ya ce ko shekara ɗari zai yi yana noma ba zai mayar masa da hannunsa ba. Ya ɗebi ƙasa da hagu ya watsa masa a fuska. Mutane suka taho da gudu don sun san halin ɗan yayata. Suka tarar ya jefar da fartanyar nesa da shi, ya harɗe hannuwansa a baya. Da wancan ya gaji ya tafi, ya je ya ɗauko fartanyarsa. Washegari ya dawo.

Na je Gwiwa lokacin maimai, gero ya kai ƙugu. Na bi ta gonar da hantsi. Mutum uku na gani a ciki, dattijon a tsakiya, ɗan yayata a gabas, ɗan maƙwabcin a yamma yana jan ƙaramar fartanya da hannun hagu a hankali. Babu mai yi wa wani magana. Ɗan yayata ya hango ni ya taho bakin gona, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya yi baƙi ya rame, tafin hannunsa duk kanta.

Na ce, "Har yaushe za ka yi wannan?"

Ya ce, "Sai an kai amfani gida, Kawu. Gonar ta fi ƙarfin tsohon shi kaɗai."

Na ce, "Shi fa, ya yi maka magana?"

Ya ce, "Shekaranjiya ya ce in miƙo masa butar ruwa."

Ya tambaye ni jikin Baba tela, ya ce in tuna wa yaransa ranar komawa asibiti ta kusa. Muna tsaye wata yarinya ta iso da ƙwaryar fura daga gidan maƙwabtan, na ga ludayi uku a kan faifan. Ya ce in tsaya in sha, na ce sauri nake.

Ya yi wannan damina har aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, ya koma garejinsa a Kazaure da rani, da damina ta zagayo ya sake komawa. A shekara ta uku dattijon ya ce masa ya isa haka, domin ƙannen yaron sun tasa, kuma shi kansa yaron ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi a bakin kasuwa. Ba su zama abokai ba, kuma ban ji an taɓa cewa an yafe da baki ba. Suna gaisawa in sun haɗu. Da ɗan yayata ya koyi tuƙin mota ya samu bas yana jigila tsakanin Kazaure da garuruwan kewaye, shi yake ɗauko wa mai shagon kayansa daga gari ya sauke masa a ƙofa, tunda ɗaukar buhu da hannu ɗaya ba ya yiwuwa.

Baba tela ya rasu bayan 'yan shekaru. Ɗan yayata yana hanyar Roni aka gaya masa, ya juye fasinjojinsa a motar wani ya dawo, da shi aka ɗauki makara. Yanzu yana da mata da 'ya'ya biyu, Yaya tana zaune a wurinsa. Zafin zuciyar bai bar shi gaba ɗaya ba, 'yan tasha sun san shi da faɗa in aka yi masa ba daidai ba, sai dai ban sake jin ya ɗaga wa wani hannu ba.

Bayan na yi ritaya wani matashin malami ya karɓi ƙungiyar. Bara suka sake shirya wasan da sababbin yara, suka gayyace ni. Na gaya wa ɗan yayata, ban zaci zai zo ba, sai ga shi ya shigo ana tsakiyar fitowar farko, da makullin mota a hannu. Ya zauna kusa da ni a benci. Ya ɗan kalla, ya matso ya ce mini yaron yana da murya amma yana gaggawa, ya kamata ya bari kiɗan ya ja shi tukuna kafin ya ɗaure igiyar. Na ce ya je ya gaya masa bayan an tashi, ya ce a'a, malaminsu ya fi shi sani. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya ce motarsa ce a kan layi kuma ta cika. Ya gaishe ni ya fita kafin saurayin wasan ya tafi birni.